Sarkin da Ya Raba Iri da Tafiyar Ƙafa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Malam!

Wata shekara fāri suka cinye gonakin ƙasar wani sarki. Sai sarki ya buɗe rumbu zai raba iri kafin ruwan shuka. Sai ya aiki wakilinsa Barau ya auno girman kowane yanki da ƙafa.

Barau ya ratsa Dutse a kwana bakwai, sai aka ba su buhu bakwai. Ya ratsa Rairayi a kwana uku, sai aka ba su buhu uku. Ya ratsa Fadama, can bakin kogi, tun kafin hantsi. Sai aka ba su kwano ɗaya.

Kwano ɗaya fa, yara!

Sai wata tsohuwar Fadama, Gwaggo Tabawa, ta ɗauki kwanon har fada, ta dire shi gaban sarki.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan na kaji ne ko na mutane?"

Barau ya ce, "Ke tsohuwa, ƙasarku duka tabarma guda ce."

Ta ce, "Ka ƙirga waɗanda ke zaune a kanta? Sarki ya taso da kansa, ya yi sallama ƙofa-ƙofa, a sake rabo."

Sai sarki ya tafi Dutse. Ya gaida gida huɗu, shi ke nan. Ya ce, "Ina sauran jama'a?" Suka ce, "Sun bi ruwa. Fartanya ba ta shiga dutse." Ga buhunan a kogo, ɗaya kawai aka kwance.

Sai ya tafi Rairayi. Ya gaida gida goma, kewaye da rijiya ɗaya. Suka ce, "Ruwanta ba ya isar gida na sha ɗaya."

Sai ya shiga Fadama da sassafe. Ina kwana, ina gajiya, ina yara, ƙofa na bin ƙofa. Kafin azahar muryarsa ta dushe.

Ya yi raɗa, "Mun kusa gamawa?"

Tabawa ta ce, "Har yanzu unguwar masu albasa muke. Saura masunta, saura masu rake, saura magina tukwane."

Sarki ya riƙe baki, ya zauna a bakin turmi. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Magana ta ƙi fita. Sai ya nuna Barau, ya nuna jakuna, ya nuna hanyar Dutse. Barau ya kwasa a guje don ya ɗebo wa Fadama sauran buhunan kogo, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ya ƙare ta. Mutane inda ruwa da ƙasar noma suke nan suke taruwa. Duk mai rabo ya ƙirga bakuna, in kuwa ya ƙirga fili, a je a tsaya masa a ƙofa sai ya gyara.