Ƙaguwa Mai Suna Biyu

Akwai wani masunci a bakin wani kogi, wanda labarinsa ya fi kamunsa yawa. Kullum yakan ce, "Duk abin da ke motsi a ruwan nan na san sunansa, na san na uwarsa." In zai kwatanta kifin da ya kuɓuce masa, sai na kusa da shi su matsa, don hannuwansa su sami wurin buɗewa.

A garin kuwa akwai wata gwauruwa mai 'yar fadama, inda ta yafa irin shinkafa. Irin nan shi ke nan gare ta, babu wani a rumbu. Wata safiya ta ga waɗansu ƙananan ƙaguwoyi a cikin shukar, baƙaƙe masu ɗigon ja a baya, ba su fi kan babban yatsa ba. Ta kama ɗaya a ƙwarya, ta kai wa masuncin.

Ta ce, "Baba, wace iri ce wannan? In tana cin shinkafa, in janye ruwa tun yau in tsince su."

Masuncin ya juya ƙaguwar, ya sake juyawa. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin irinta ba. "Ban sani ba" ta zo masa har leɓe, amma ga mutane zaune suna ɗinkin taru, sun kasa kunne. Sai ya haɗiye ta.

Ya ce, "Ai 'yar-gadi ce. Laka kawai take ci. Kakana har kiwonsu ya yi. Ki bar su, 'yata, gona suke tsare miki."

Matar ta yi godiya, ta bar ruwan yadda yake. Kafin kwana goma, ƙaguwoyin sun datse shukar daga gindi, sai ganye ke yawo a kan ruwa.

Ta komo da ƙwaryarta. Shi kuwa ya ba da labarai da yawa tun ranar, har ya manta wanne ya ba ta.

Ta ce, "Baba, wannan fa?"

Ya leƙa, ya girgiza kai. "Wannan ai mai-lauje ce, babbar maɓarnaciya. Da ita kika kawo mini tun farko, da na ce ki janye ruwa."

Ta ce, "Ita na kawo, Baba. A tulu na ajiye ta. Ga ma ƙafar da ta karye ranar da kake jujjuya ta."

Masu ɗinkin taru suka sunkuyar da kai, kowa ya duƙufa ga zarensa.

Ga ma'anar misalin. Masuncin nan mu ne, iyaye da dattawa da masu koyarwa a ikilisiya, waɗanda ake zuwa wurinsu da tambaya. Ƙaguwar ita ce abin da ba mu sani ba. Gwauruwar kuwa ita ce mai ɗaukar maganarmu ya je ya shuka ransa a kai. Rashin sani ba zunubi ba ne, gama Allah kaɗai ya san dukan abin da ya halitta, har na ƙarƙashin laka. Zunubin shi ne mu ceci fuskarmu da gonar wani. Da ya ce "ban sani ba", da ya ji kunyar safiya ɗaya, ita kuma da ta tambayi wani ta tsira da shinkafarta. Ko mutane sun manta abin da muka faɗa, Ubangiji yana da tulunsa.