Amir Aidamur da Tattabarun Dimashƙa

Akwai wani amir da aka taɓa naɗa mana a garinmu na bakin teku, nan ƙasar Sham, zamanin da jiragen ruwan yaƙin Turawa ke kawo hari. Sunansa Aidamur. Ko akuya bai taɓa kora a fagen fama ba. Surukinsa ne dai ke da faɗa a ji a fadar Sarkin Misira.

A kan hasumiyar ganuwa kuwa akwai wani tsoho, Baba Nu'uman, mai kula da tattabarun aike. Iri biyu yake da su. Akwai 'yan gida masu yawonsu, akwai kuma guda goma sha biyu a kulle cikin keji, waɗanda aka kawo daga Dimashƙa a kan alfadari.

Ita tattabara gidan da ta tashi kaɗai ta sani. Don haka na kejin nan ne kawai ke iya kai takardar neman agaji Dimashƙa cikin yini guda.

Ana nan sai ciwon ciki ya kama Amir. Likita Yuhanna ya latsa tumbin, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka bar kitsen rago, ka koma romon tattabara."

Amir ya hau hasumiya da kansa, yana haki. Ya dubi 'yan gida, duk ƙashi. Ya dubi na keji, sun yi ɓul-ɓul.

Ya ce, "Tsoho, waɗannan za a riƙa yanka min."

Baba Nu'uman ya ce, "Allah ya taimake ka, waɗannan ai su ne bakin garin nan. Bari in samo maka na kasuwa."

"Ni zan ci na kasuwa? Ji min tsohon nan mai warin kashin tsuntsu! Tattabara ai tattabara ce. Duk ba fiffike biyu gare su ba?"

"To a bar mana ko biyu, ranka ya daɗe."

"In ka ƙara magana, kai zan sa a kejin."

Dogarai suka kwashe da dariya. Tsoho ya miƙa mabuɗi. Kwana goma sha biyu, keji ya zama wayam. Cikin Amir kam ya warke, wannan ba za a hana Yuhanna yabonsa ba.

Wata safiya masunta suka dawo a guje. Jirage talatin sun doso gari.

Amir ya sa aka rubuta takarda, ya ce a ɗaura wa 'yan gida. Baba Nu'uman ya ɗaura, ya saki ɗaya. Ta yi sama, ta zaga gari sau biyu, ta dawo ta sauka a kan hasumiya tana gyaran gashi.

Amir ya daka tsawa, "Ka gaya mata Dimashƙa!"

Tsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda suka san hanyar suna cikinka."

Dole aka tura mahayi. Kafin runduna ta iso, an yi kwana takwas. An ƙone tashar jirage da rumbunan alkama, an kwashe mutum ɗari biyu a jirgi, ciki har da ƙanen Baba Nu'uman. Ba a sake jin labarinsu ba.

Da shugaban runduna ya tambayi dalilin jinkiri, tsoho bai yi dogon bayani ba. Keji kawai ya buɗe masa.

Ranar Juma'a aka tuɓe wa Aidamur rawani, aka ɗora shi a kan jaki yana kallon wutsiya, aka zaga da shi kasuwar da ta rage. Surukin nasa ya aiko cewa shi bai ma san shi sosai ba.

Darasi: Muƙami ba ya sa ka san aikin da ba ka koya ba. In na ƙasa da kai ya ce kada a taɓa abu, tsaya ka tambaye shi dalili, don ba kai kaɗai za ka ɗanɗana kuɗarsa ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda aka ba kujera kwanan nan.