Hannun Da Aka Hana Taɓa Makara

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na Brezik, can saman duwatsun Bosniya, ana ce masa Ostoya. Kirista aka haife shi, kakansa ma shi ya sassaƙa ƙofar cocin da ke gindin tudu. Sai da furfura ta gama cinye masa kai, bayan rasuwar matarsa Stana, sannan ya sayar da aladunsa, ya malalar da giyar da yake dafawa da hannunsa, ya je gaban liman ya yi kalmar shahada.

Ƙaninsa ya tare shi a bakin shago ya tofa masa yawu, ya ce daga yau ba shi da wa. Wannan bai girgiza Ostoya ba, dama ya san za a rina. Abin da bai taɓa kawowa ba shi ne wulaƙancin da ya fi ciwo daga cikin masallaci zai fito.

Maƙwabcinsa ne, Alhaji Ragib, katanga ɗaya ta raba su. Shi ke riƙe da makullin masallaci. Ya je Makka ya dawo, kuma bai bar ko jariri ya manta ba. Matarsa Zumra kuwa ba ka jin muryarta, sai dai ka ga faranti ya tsallako katanga da ɗumi.

Wata Juma'a bayan salla, dattawa na zaune suna kurɓar gahawa, Alhaji Ragib ya dubi Ostoya sama da ƙasa.

"Maƙwabci, wai ni kam me ka hango? Tsofai-tsofai da kai, ƙafa ɗaya a kabari, yanzu ne ka gano alƙibla?"

"Tsakanina da Ubangijina ne, Alhaji."

"Ahaf! Ko dai tsakaninka da Meyra?"

Meyra bazawara ce mai sayar da cuku a kasuwa, baiwar Allah ba ta ci ba ba ta sha ba. Dattawa suka kwashe da dariya har wani ya ƙware.

Alhaji Ragib ya ƙara gyara zama. "Mun san irinku. Ba wanda ke barin addinin ubansa a banza, in ba mace ba to abin duniya. Ko sunan ma ya ƙi canjawa. Ostoya! Wannan a wane littafi aka same shi?"

Ostoya ya shanye gahawarsa. Yana da dalilinsa, dalili mai nauyi, amma ya yi wa wanda abin ya shafa alkawarin ba zai faɗa ba.

Ni wannan hali shi ke ƙona mini rai, wallahi. Mutum ya tashi ya tarar da addini a ɗakin uwarsa, bai saya ba, bai yi asarar ko allura a kansa ba, amma shi ne zai tsaya a ƙofa yana auna imanin wanda ya rasa danginsa kaf saboda shi.

Ana nan sai tsoho Salko ya rasu. Kun san yadda muke kai mamaci: maza su jeru sahu biyu, makara ta riƙa bin hannuwa, wanda ta wuce shi ya zagaya gaba ya sake tarbarta, har a hau tudun maƙabarta. Ostoya ya shiga sahu. Makara ta iso, ya miƙa hannu.

Ji kake fau! Alhaji Ragib ya buge masa hannu a gaban kowa.

"Janye! Hannun da ya ƙare rayuwarsa yana feɗe alade ba zai taɓa makarar musulmi ba. Kada in sake ganinsa, ko yau ko gobe."

Kun san abin da ya fi dukan zafi? Shiru. Duk mazan da ke wurin ba wanda ya ce uffan. Liman, yaro ne sabon zuwa, ya sunkuyar da kai. Makara ta tsallake Ostoya ta wuce, aka bar shi tsaye da hannu a miƙe.

Ya koma gida. Ya naɗe darduma ya cilla ta saman kabad. Juma'a ta zo ta wuce bai fita ba, wata ma ta zo ta wuce. Ƙaninsa ya ji labari ya aiko masa: "Ka ga abin da muke gaya maka? Dawo gida, ƙofa a buɗe take." Duk ranar Lahadi idan ƙararrawar coci ta kaɗa, sai ya tsaya a taga ya daɗe yana saurare.

Liman ya zo ba shi haƙuri, Ostoya bai ko ba shi wurin zama ba.

"Malam, ranar ina bakinka yake? Can an kore ni don na zo nan, nan an kore ni don daga can na fito. To ni ɗan ina ne? Ku riƙe masallacinku!"

Zumra ce kaɗai ba ta fasa kula da shi ba. Ta miƙo faranti ta saman katanga, ta ce a hankali, "Ɗan'uwa, kada ka bari bakin mijina ya raba ka da Ubangijinka. Ba shi ya kira ka ba."

Ya karɓi farantin, amma dardumar ba ta sauko ba.

Da sanyi ya kai tsakiya, dusar ƙanƙara ta rufe hanyar da ke hawowa ƙauye. A cikin wannan hali ciwon ƙirji ya kama Zumra, kafin a samu hanyar asibiti Allah ya karɓi abarsa.

'Ya'yanta suna Jamus, kamar 'ya'yan kowa. Ba hanya, ba mota, maƙwabtan ƙauyuka ma ba wanda ya iya hawowa. Da aka sallace ta, sai ga maza 'yan ƙalilan, kusan kowa da sandarsa. Ina batun sahu biyu? Da ƙyar aka samu masu riƙe kusurwoyin makara, har da shi Alhaji Ragib.

Ostoya yana tsaye nesa, bayan shingen wata gona. Bai matso ba, an ce kada ya taɓa. Hawaye na daskarewa a gemunsa, zuciyarsa na tafasa.

Suka fara hawan tudu. Ba su yi nisa ba ƙafar wani dattijo ta zame, ya durƙusa. Makara ta karkata. Liman ya yi wuf ya tare, aka sauke ta ƙasa a kan ƙanƙara. Dattijon ya kasa tashi. Suka gwada ɗagawa ba shi, ta ƙi. Zumra, matar da ba gidan da bai ci girkinta ba, ga ta yashe a tsakiyar hanya.

Alhaji Ragib ya waiga dama, ya waiga hagu, yana haki. Idonsa ya faɗa kan mutumin da ke bayan shinge.

Ostoya bai jira ba. Ya tsallako shingen yana keta ƙanƙara, fuskar nan kamar hadari. Ya zo ya tsaya gaban Alhaji Ragib ya ɗaga hannunsa.

"Ga hannun nan, Alhaji. Na alade. In taɓa ko in bari?"

"Maƙwabci... don Allah..."

"Ɗaga murya! Ranar da ka buge shi ba raɗa ka yi ba."

"Ka taɓa, don girman Allah."

Ostoya ya sunkuya ya saɓa makara a kafaɗa, sauran suka kama, aka ci gaba da hawa. Yana tafe yana magana, bai ko waiga ba.

"Ka ce saboda mace na musulunta. Ba ka yi ƙarya ba. Ga ta nan a kafaɗata."

Dattawa suka dubi juna.

"Lokacin da Stana ta kwanta ciwo, 'yan'uwana na jini ƙyamar ɗakin suke yi. Kai kuma ka hana matarka shiga gidan arne. Kullum ka tafi masallaci ka baje kana wa mutane wa'azi, ita sai ta zagayo ta baya. Ta wanke Stana, ta juya ta, ta ba ta abinci a baki, ta kwashe abin da ni mijinta nake kau da kai. Ba ta taɓa ce mana ku bar addininku ba. Ranar da Stana za ta cika ma, ita ta ɗauko mata gicciyenta ta sa mata a hannu. Na ce, 'Zumra, me ya sa?' Ta ce, 'Allah zai tambaye ni maƙwabcina.' Daga ranar na ce sai na nemo wannan Allah da ke tambayar mutum maƙwabcinsa."

Ya gyara makara a kafaɗa.

"Ta roƙe ni kada in faɗa, don tsoron bakinka. Mafi alherin aikinta sai da ta ɓoye maka shi kamar sata. Ita ta shigo da ni ba ta ce komai ba, kai ka kusa fitar da ni da wa'azinka."

Alhaji Ragib kuwa sai hawaye. Kuka yake kamar yaro, ga makara a kafaɗa, ba halin ya rufe fuska. Haka ya hau tudun nan kowa na kallonsa.

Bayan an rufe ta, ya kamo hannun Ostoya, wannan hannun dai da ya buge.

"Ka yafe mini."

Ostoya ya zare hannunsa. "Ba yau ba, Alhaji, zuciyata ba ta huce ba. Amma ka sani, ba don kai na shigo ba, ba kuma don kai zan fita ba."

Ya sauka tudun shi kaɗai. Yana shiga gida ya taka kujera, ya sauko da dardumar, ya kakkaɓe ta, ya fuskanci alƙibla. Addu'ar farko da ya yi ta Zumra ce.

Darasi: Halinka shi ne wa'azin da mutane suka fi ji. Da kyautatawa ake jawo mutum ga Allah, da baƙar magana ake korar sa, kuma ba kai aka ba makullin zuciyar kowa ba balle ka auna dalilin tubarsa. Wanda ka buge wa hannu yau, wataƙila kafaɗarsa za ka nema gobe. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu tsayawa a ƙofa suna tantance bayin Allah.