Allon Ƙofar Gidan Wendell

Akwai wani manomin masara a jihar Nebraska, sunansa Wendell Krupka. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya wahalar da kansa da tunanin siyasa. Duk allon siyasar da maƙwabciyarsa Doreen ta kafa a ƙofar gida, shi akasinsa zai kafa, don jam'iyyarsu ba ɗaya ba.

Duk hunturu garinsu na fama da ɗaukewar wuta, ga matarsa Lorna da injin numfashi take rayuwa. Sabon layin wutar da zai kawo sauƙi kuwa ya yi shekara da shekaru yana jiran izinin hukuma.

Sai 'yan majalisa biyu, na jam'iyyarsa da na ta Doreen, suka haɗa kai suka kawo ƙudurin rage wannan jira. Suka ce za su zo jin ra'ayin mutanen gari.

Wendell ya leƙa, ya ga Doreen ta kafa "Muna So". Nan take ya kafa "Ba Ma So".

Lorna ta ce, "Wendell, ɗan majalisarka fa yana ciki."

"Nawa? To me Doreen take nema a ciki?"

"Ka karanta mana!"

"Ina! Da wata a ƙasa."

Ashe ita ma Doreen, da ta ji mutumin su Wendell na ciki, ta tsargu ta sauya ra'ayi.

Ranar taro aka ce masu adawa su ɗaga hannu. Wendell ya ɗaga, ya waiga, sai ga hannun Doreen a sama. Ya sauke, ta sauke. Ya sake ɗagawa, ta ɗaga. Kai jama'a! Haka zauren ya rikice, kowa na leƙen maƙwabcinsa. 'Yan majalisar suka rasa gane me ake so, aka jingine ƙudurin.

Hunturu ya shigo, ƙanƙara ta tsinka tsohon layin. Batirin injin Lorna ya kusa ƙarewa, janareto ya ƙi tashi, tsoro ya kama Wendell. Doreen ce ta jawo nata janareton a bayan mota.

Da numfashin Lorna ya daidaita, ta dube su su biyu ta ce, "To, ku gaya mini, wa kuka kayar?"



Darasi: Ka auna magana da amfaninta, ba da bakin wanda ya faɗe ta ba, don adawar makanta gidanka take fara ci. Ku tura wa abokan gardamarku su ma su karanta.