Ranar da Mai Shari'a Attahiru Ya Zauna a Ƙasa

Akwai wani dattijo a Illela, Mai Shari'a Attahiru. Ya fara alƙalanci a wata ƙaramar kotu mai rufin kwano, ya shiga majalisa aka yi doka da shi, daga baya ya kai har Kotun Ƙoli. Babana ne ya koya masa hawan keke, amma ba jaridar da ta taɓa faɗa. Na bar wa Allah.

Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai ya tarar da rigima. Ƙanensa Halliru ya tuge gambar da ta raba gonarsu ta gado da ta Tasalla a bakin tafkin Kalmalo, ya shige mata fili. Mijin Tasalla ya rasu, albasar gonar nan ce abincinta.

Aka taru gaban mai gari. Ni har sabuwar shadda na sa, don kallon rigima ma yana son kwalliya.

Mai gari ya miƙe da sauri. "Ranka shi daɗe, ga wurinka."

Attahiru ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa. "Zamna abinka. Yau shaida na zo."

Halliru ya yi murmushi. "Yaya, ko takarda guda ba ta da ita."

"Takardar mi? Da can wa ya san takarda? Ni da mijinta Sahabi muka dasa gambar nan muna samari. Daga gindin tsamiya zuwa suri. Ranar har gardama muka yi kan wanda ya fi gudu, kuma Allah shi jiƙan shi, ya tsere min."

"Yaya, ni za ka kayar gaban mutane?"

"Kai ka kayar da kanka. Gobe ka zo da saiwar gamba, tare za mu mayar."

Washegari sai ga tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ya naɗe wando, yana dashe cikin laka. Tasalla na tsaye ta riƙe ƙugu.

"Alƙali, layinka ya karkace!"

"Ta wane gefe?"

"Ka shigo min da taku biyu na gonarku. Maida. Nawa kaɗai nake so."

Darasi: Mai adalci shi ne wanda zai faɗi gaskiya ko a kan ɗan'uwansa ce. Ku tura wa 'yan'uwa, amma ku ce a shafina kuka gani, don na gaji da masu kwashe min labari.