Gwani Mai Akawun Biyu

Ya 'yan uwa, ku gyara zama. An yi wani mutum mai sana'ar rubuta manhajar kwamfuta. Ɗan teburinsa yana lungun falo, tsakanin firij da keken ɗinkin matarsa. Yana cikin wani zaure na intanet inda masu wannan sana'a suke taruwa. Wanda ya san abu ya rubuta maƙala, wanda aiki ya cije masa ya yi tambaya.

Mutumin nan ba dolo ba ne, amma son a ce ya iya ya fi iyawar yawa. Sai ya gano wata malama mai koyar da manhaja, tana rubutu a wani ƙaramin shafi da ba kowa ke leƙawa ba. Ya riƙa kwaso maƙalunta, ya sauya take, ya goge sunanta, ya liƙa nasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! 'Yan zaure suka laƙaba masa Gwani, kuma da wannan suna yake cin abinci, don a zauren masu ba da aiki suke neman ma'aikata.

Matarsa ma ta yi mamaki. Ta ce, "Maigida, kai da kake yini kana gyara saƙon gaisuwa, yaushe ka fara zuba rubutu kafin shayi ya huce?" Ya ce, "Baiwa ce, ba a bincikar ta."

To, zauren yana da al'ada: wanda ya rubuta maƙala shi ke amsa tambayoyin da aka yi a ƙarƙashinta. Yaya mutum zai yi bayanin abin da bai fahimta ba? Sai ya buɗe akawun na biyu a zauren, wato wata rajista da sunan ɓoye, ya sa masa Ɗan Koyo. Duk tambayar da aka yi wa Gwani, Ɗan Koyo ya kai wa malama yana rusunawa. Ita kuwa baiwar Allah ta zauna ta warware masa. Gwani ya dawo da amsar zaure, har yana ƙarawa da, "Ai wannan mai sauƙi ce."

Rana dubu ta ɓarawo. Wani mai kamfani da ke shirin ɗaukarsa babban aiki ya jefo tambaya mai wuya. Gwani ya rikice, ga lokacin ɗauko yara daga makaranta ya yi. Shafuka biyu na buɗe a gabansa, na zaure da na malama. Ya rubuta, "Malama, don girman Allah ki taimaki almajirinki, wannan maƙala taki ban gane kanta ba," ya haɗa da adireshin shafinta, ya aika, ya suri makulli ya fita.

Ya jama'a, ina saƙon ya faɗa? A zaure, a ƙarƙashin maƙalar da ya ce tasa ce, da suna Gwani da hotonsa ɓaro-ɓaro!

Kafin ya dawo, zaure ya cika da dariya. Wani ya rubuta, "Gwani, wace malamar kuma?" Masu kula da zauren ba su zage shi ba. Sun jera maƙalunsa da nata, sun duba ranakun wallafa, sun nemi ya yi bayani. Da ya ce ya tuba, da ƙila an rufa masa asiri. Sai ya ce kutse aka yi masa. Suka sauke maƙalun duka daga sunansa, suka mayar da sunan mai su, suka gano Ɗan Koyo ma shi ne, suka rufe akawun ɗinsa biyu. Mai kamfani ya janye, tsofaffin masu ba shi aiki suka daina ɗaga waya.

Malamar ta shigo zauren, ta amsa tambayar mai kamfani tsaf, sannan ta ƙara layi ɗaya: "Ɗan Koyo, da ka roƙa, da kyauta na ba ka. Sunana kawai za ka bari a kai."

Ya 'yan uwa, ni wannan layi ya fi ba ni tausayi. Mutum ya saci abin da ake bayarwa kyauta! Gumin ƙwaƙwalwa haƙƙi ne, kamar gumin hannu. In ka ɗauko, ka faɗi inda ka ɗauko. In ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, babu wanda wannan kalma ta taɓa kashewa.

Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin mutane, ya wadata mu da ɗan abin da muka iya. Amin.