Bencin da Tahidu ya zaɓa

Akwai wani ɗan dako a Aboabo, cikin Tamale, sunansa Tahidu. A shekarar da Ghana ta samu 'yancin kai, yana da shekara ashirin da huɗu. Tun safe har la'asar buhu ne a wuyansa, na gyaɗa da na masara, daga lori zuwa rumfa, daga rumfa zuwa lori.

Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. In ya dawo gida matarsa Sanatu ta ajiye masa tuwo, sai ya daɗe yana kallon kwanon kafin ya iya miƙa hannu.

Da aka yi shelar ɗaukar sababbin 'yan sanda, ya je. Tsayinsa ya kai. Amma da aka gwada faɗin ƙirjinsa, mai awon ya ce, "Saura kaɗan. Bayan wata uku za mu sake ɗauka, ka dawo."

Wani tsohon soja a unguwarsu ya gaya masa cewa ɗaga ƙarfe a kwance ne ke buɗe ƙirji. Tahidu ya samo doguwar sandar ƙarfe daga wata matacciyar lori, ya cika manyan gwangwanaye biyu da siminti, ya kafa su a gefe da gefe. Saura bencin da zai kwanta a kai.

Ya tafi wurin Baba Saaka, wani dattijon Dagomba, kafinta. Saaka ya sa aka kawo ƙarfen, ya ɗaga gefe guda, ya ajiye.

"Wannan da kai, nauyin mutum biyu ke nan, ɗana. Ƙusa ba za ta riƙe ba. Sai katakon maɗaci, in fafe shi in cusa ƙafafun a ciki. Sati uku."

"Sati uku, Baba? Ni da wata uku gare ni duka?"

Saaka ya shimfiɗa tabarma, ya ɗauko karan dawa. Shi bai taɓa riƙe ma'aunin Bature ba, da kara yake gwada ƙofa da gado da tebur.

"Kwanta in gwada ka."

Tahidu ya ja da baya. Kowa a garin ya san wanda ake gwadawa da kara yana kwance. Mamaci ne, don masu haƙar kabari su san tsawon ramin.

"A'uzu billahi! Baba, da raina?"

"Kai dai kwanta. So nake in ga inda kafaɗunka suka tsaya, da tsayin da ƙafarka za ta taka ƙasa. In ba ta taka ba, ba abin da zai tsayar da kai in ƙarfen ya rinjaya."

Akwai masu hira a bakin rumfar Saaka. Abukari mai gyaran keke ya leƙo ya ce, "Tahidu, in je in kira liman ne, ko a jira dangi su iso?"

Wurin ya kaure da dariya. Kunya ta kama Tahidu, ta koma fushi.

"Ƙasa ta samu 'yanci, kai kana nan da karan dawa," ya ce wa Saaka. "Ajiye karanka, tsoho. Kai zai fara yi wa amfani kafin ni."

Saaka ya naɗe tabarmarsa a hankali. "Allah ya ba ka sa'a, ɗana."

A bakin kasuwa wani mai suna Kadiri yana sayar da bencinan da suka rage daga bikin 'yancin kai. Da katakon akwatin kaya aka harhaɗa su cikin gaggawa, don jama'a su zauna yini guda. Amma an shafa musu fenti ja da rawaya da kore, da baƙin tauraro a tsakiya. Tahidu ya zaɓi wanda ya fi sheƙi, ya ɗauko a kansa har gida.

Sanatu ta tsaya tana kallonsa ran farko. "Maigida, ƙafafunka fa lilo suke yi. Kuma abin nan kuka yake in ka hau."

"Je ki duba miyarki."

Sati bakwai yana yi. Ƙirjin ya fara cika, riga ta fara matse shi. Ya ƙara siminti.

Wata ranar Laraba, bayan ya sauke lori biyu, ya dawo da la'asar ko ruwa bai sha ba ya kwanta ya ɗaga. A karo na huɗu ƙusa ta zare. Bencin ya karkata dama. Ya nemi ƙasa da ƙafa, bai same ta ba. Ƙarfen ya sauko masa a kafaɗa.

Maɗori ya ce ƙashin ya karye wuri biyu.

Ranar sake awo ta zo ta wuce yana zaune a ƙofar gida, hannu a ɗaure. Ba kakin ɗan sanda, ba kuma dako, don kafaɗar da ke ɗaukar buhu ita ce ta tafi. Sanatu ta fara soya ƙosai don su ci.

Wata rana da yamma sai ga Baba Saaka. Tahidu ya sunkuyar da kai, yana jiran gori.

Tsohon ya zauna, ya gaishe shi da jiki, ya sha ruwan da Sanatu ta kawo. Sannan ya ce, "Hannun hagun yana aiki?"

"Yana aiki, Baba."

"To gobe ka zo. Idona ya fara raguwa, ina son mai riƙe mini katako."

"Baba, maganar da na faɗa maka..."

"Da safe nake buɗewa. Kada ka makara."

Tahidu bai taɓa sa kaki ba. A rumfar nan ya yi sauran rayuwarsa, kuma hannunsa na dama bai sake wuce kafaɗa ba. Ko kabbarar salla, ɗaya sama ɗaya ƙasa yake ɗagawa.

Tahidu mahaifina ne. Watan jiya muka binne shi. Ni na yi masa wanka, kuma da na zo kafaɗar dama na ji ƙullin ƙashin a tafin hannuna, yana nan yadda maɗori ya bar shi.

Darasi: In za ka ɗora nauyi a kan abu, ka duba haɗinsa da ƙafafunsa, ka bar fentinsa. Kuma kada dariyar mutane ta sa ka raina wanda ya san aikinsa, domin su za su tashi su tafi, kai za ka zauna da ciwon. Ku tura wa matasanmu masu ɗaga ƙarfe a gida, ku kuma sa Tahidu da Baba Saaka a addu'a.